Ƙirga Daga Sifili

Duk ajin babu wanda ya kai ta shekaru, shi ya sa tun makon farko aka laƙaba mata Babbar Yaya. Ba ta yi gardama ba, don a gida ma da Yaya ake kiranta tun tana goyon ƙanwarta. Ta daɗe tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, har ta kai ko hannun jariri aka miƙo mata ba ta laluben jijiya sau biyu. To amma jijiya daban, kwamfuta daban. Ranar da ta fara zama gaban baƙin allon nan da babu hoto babu komai a kansa, sai wani ɗan layi yana ta ƙyafta mata ido, ji ta yi kamar an mayar da ita aji ɗaya.

Kwas ɗin na masu digiri na biyu ne, kuma abin da ake koyarwa shi ne yadda ake karanta ƙwayoyin gado da furotin a kwamfuta. Ɗakin yana can saman bene, da fanka biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana tunani. Malamin wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, ba ya faɗa, ba ya yabo. In ka kira shi ka nuna masa aikinka, sai ya sunkuyo ya leƙa ta saman tabarau ya ce, "Sake." Daga nan sunan ya bi shi, har masu shara Malam Sake suke ce masa.

A darasin farko ya rubuta haruffa huɗu a allo, A da C da G da T.

"Duk abin da kuka gada daga iyayenku da waɗannan aka rubuta shi," in ji shi. "Jiki yana karanta su uku-uku. Kowane uku suna nufin bulo ɗaya, in aka jera bulon sai a sami furotin. Akwai kuma ukun da ke nufin tsaya nan, an gama. Su kwamfuta tauraro take sa musu. In tauraro ya zo a ƙarshe, lafiya lau. In ya faɗo a tsakiya, to an bar gini babu rufi, kuma wani lokaci ciwo ke nan."

Ya ajiye alli ya kakkaɓe hannu. "Doka ɗaya gare ni. Kada wanda ya kawo mini jinin gidansu ajin nan. Ga na ƙuda, ga na shinkafa, ga na ƙwayar cuta, ku yi ta yanka. Amma naka, ko na matarka, ko na ɗanka, ban yarda ba."

Wani daga baya ya ce, "Malam, ko na surukata?"

"Musamman na surukarka."

Aka yi dariya, Babbar Yaya ma ta yi. A lokacin kuwa filas, ɗan abin ajiyar fayil na kwamfuta, mai ɗauke da haruffan jininta yana cikin ƙaramin aljihun jakarta, kuma saboda shi ta biya kuɗin makarantar.

Sankarar mama ce ta ɗauke Umma, mahaifiyarsu, bayan ta ɗauke ƙanwar Umman. Yaya ce ta yi jinyar duka biyun, ita ta san warin ɗakin da nauyin mutum in ya daina iya juyawa da kansa. Da wasu masu bincike suka zo asibitinsu suna neman iyalan da ciwon ya yi wa zuwa biyu, ita ta fara miƙa hannu. Aka ɗebi jini, aka ce sakamako sai likitan ƙwayoyin gado ya zauna a kai, shi kuwa likitan ɗaya ne tak kuma layinsa ya fi layin gidan mai tsawo. Da jira ya ishe ta sai ta cike takarda ta nemi a ba ta haruffanta haka nan ɗanyu, tunda nata ne. Aka ba ta. Ta buɗe a gida ta ga haruffa huɗun nan sun cika allo ba waƙafi ba aya, ta rufe. A ranar ta ƙudurta cewa ko za ta tsufa a aji sai ta iya karanta abin nan.

Ba don kanta kaɗai ba ne. Tana da 'ya mace da ta fara girma, ga kuma Auta, ƙanwarta, malamar 'yan aji ɗaya a firamare, wadda tun rasuwar Umma ko ƙofar asibiti ba ta son bi. Yaya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa ta da mijinta, duk a banza. Auta dai amsarta ɗaya ce: "Yaya, abin da ban nema ba ba zai same ni ba." Wannan magana tana ƙona wa Yaya rai ƙwarai, don ta san ba haka ciwo yake ba.

Makonnin farko ta sha wuya. Yaran ajin yatsunsu kamar ana watsa tsakuwa a kwano, ita kuwa da yatsa biyu take neman harafi. Ta manta waƙafi ɗaya kwamfuta ta zazzago mata jan rubutu rabin allo. Ta sa babban harafi inda ake son ƙarami, aka ce babu fayil mai wannan suna, alhali ga shi tana kallonsa. Malam Sake ya ce mata "sake" har ta fara jin kalmar a cikin ƙarar fanka. Amma ba ta taɓa fashi ba. Ta sauya lokacin aikinta da wata abokiyar aiki, tana fitowa daga asibiti da farar riga a jaka, ta hau benen nan tana haki, ta zauna a layin gaba inda yara ba sa so.

Sannu a hankali abin ya fara shiga. Ta iya buɗe fayil, ta iya yanko yanki daga wuri kaza zuwa wuri kaza, ta iya sa kwamfuta ta mayar da haruffa uku-uku zuwa furotin. Ranar da ta yi wa na ƙuda haka ya fito daidai, Malam ya leƙa bai ce komai ba ya wuce, wanda a wajensa kyauta ce babba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana. Asabar ɗin makon, da hantsi, maigidan ya fita kasuwa da 'yarsu, Yaya ta share teburin cin abinci ta ajiye kwamfutarta. Ta riga ta samo a wata takardar bincike lambar wurin da wani yanki na ƙwayar gadon ke farawa, yankin da aka ce an sha samun matsala a cikinsa. Ta kwafi lambar yadda take, ta duba ta sake dubawa, ta yi bisimilla ta danna.

Furotin ya fara fitowa, bai yi nisa ba ya tsaya. Ga tauraro nan a zaune, bayansa kuma sauran haruffa birjik da ba a karanta ba.

Ta sake, ya sake fitowa. Ta kashe kwamfutar ta kunna, yana nan inda yake. Ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi ta wanke kofunan da ta riga ta wanke, ta tsaya a bakin taga tana kallon rigar makarantar 'yarta a kan igiya. Tsoro ya kama ta sosai, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu kamar sauƙi. Shekara da shekaru tana jin motsin abin a bayan ƙofa, yau dai ta ga fuskarsa.

Ran Litinin ta je makarantar su Auta daidai lokacin tashi. Ta same ta a aji tana goge allo, yara sun watse, ƙananan kujeru a hargitse. Yaya ta jawo ɗaya ta zauna, gwiwoyinta har ƙirji, ta faɗa mata komai ba tare da kwana-kwana ba.

"Ina da shi, Auta. Na gani da idona. In ina da shi, ke ma kina iya kasancewa da shi."

Ta shirya wa gardama, ta zo da amsoshinta a jere. Amma Auta sai ta ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. Can ta ce, "To. Yaushe za mu je?"

"Alhamis akwai likitar mata da safe."

"Allah ya kai mu."

Yaya ta fito tana mamaki. Abin da shekaru suka kasa, ɗan tauraro ya yi shi kafin a rufe ƙofar makaranta.

Ran Laraba Malam Sake ya ba su aikin kwatanta furotin biyu, amma hankalinta ba ya wurin. Da aka tashi ta yi ta jan jiki tana naɗe wayar caji har ɗakin ya zama daga ita sai shi.

"Malam, ina da tambaya. A ce mutum ya yanko yanki, ya juya shi furotin, sai ya ga tauraro tun kafin a je ko'ina."

"A ce," in ji shi. Ya cire tabarau ya dube ta. "Na ƙuda ne ko na shinkafa?"

Ta ci gaba da naɗe wayar cajin.

"Hajiya, na kafa doka."

"Na sani, Malam. Na karya ta, kuma in za ka kore ni daga kwas ɗin ba zan ce ka zalunce ni ba. Amma mahaifiyata da ƙanwarta ciwon nan ne ya kashe su, kuma ina da 'ya. Ban zo nan don takardar digiri ba."

Ta ɗauka faɗa zai yi, sai ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da allon, ya juya shi yadda ba zai ga abin da ke kai ba.

"Ba zan kalli naki ba, ba hurumina ba ne. Amma ki gaya mini, a wajen aikinku in an kawo sabon ruwan gwaji, jinin mara lafiya kike fara zuba masa?"

"A'a. Sai na fara gwada shi da wanda na san sakamakonsa."

"To umarnin da kika rubuta, da me kika gwada shi?"

Nan ta ji kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Ita da ke korar ɗalibai daga benci saboda wannan laifin, ita da ake tsoro a ɗakin gwaji.

"Akwai na ma'auni a rumbun bayanan intanet da na nuna muku," in ji shi, "wanda aka san lafiyayye ne. Sauko da shi. Kada ki canza komai a umarninki, ki ba shi wannan a maimakon naki."

Ta yi yadda ya ce. Ta danna. Furotin ya fara fitowa, bai yi nisa ba ya tsaya, ga tauraro a daidai wurin da ya fito a nata.

"Ya fito," ta ce da ƙyar.

"To ko dai duk duniya ke da ciwon, ko kuma wuƙarki ce a karkace. Nemo."

Bai taimaka mata ba, kuma daga baya ta gode masa da hakan. Ya koma teburinsa yana duba takardu, ita kuma ta bi umarnin layi-layi. Lambar daidai take da ta takardar binciken. Ta rasa inda za ta kama, sai ta yi abin da take yi in na'ura ta rikice mata a asibiti, ta koma kan abu mafi sauƙi. Ta rubuta haruffa biyar da hannunta, ta ce wa kwamfuta ta ba ta na ɗaya. Kwamfuta ta ba ta na biyu. Ta ce ta ba ta na biyu, ta ba ta na uku. Ta zauna tana kallon allon, sannan a hankali, kamar mai taɓa ƙofar da ba ta tabbata a buɗe take ba, ta rubuta sifili. Harafin farko ya fito.

"Malam, wannan abin daga sifili yake fara ƙirga."

"Shi daga sifili, masu rubuta takardun bincike daga ɗaya. Darasin mako mai zuwa ke nan, kin riga mu isa."

Sai ta ga abin gaba ɗayansa. Ta ba shi lambar masu ƙirga daga ɗaya, shi kuma ya tsallake harafi guda ya fara daga na gaba. Tunda uku-uku ake karantawa, kowane ukun da ya biyo baya ya gurɓace, kamar wanda ya saka maɓallin riga na farko a ramin na biyu. Tauraron ba daga Umma ya zo ba, ita ta haife shi da yatsunta ran Asabar.

Ta rage ɗaya daga lambar. Na ma'auni ya fito tiryan-tiryan har ƙarshe. Ta ɗauko nata, ta yi jim, ta danna. Shi ma ya tafi har ƙarshe, kuma da ta jera su biyun yadda aka koya musu a ranar, babu inda suka saɓa.

Ta kifa kai a kan tebur. Malam ya bar ta har ta ɗago.

"Kada ki yi saurin murna," in ji shi. "Yanki ɗaya kika duba a cikin abu mai tsawon gaske, kuma ba ita kaɗai ce ƙwayar da ke kawo ciwon ba. Akwai ma irin matsalar da wannan hanyar ba ta gani sam. Abin da kika sani yau shi ne kin yi kuskure, ba ki san kina da lafiya ba. Wannan sai likita. Kin gaya wa wani?"

"Ƙanwata."

"To kin san aikin da ke gabanki. Ranar Litinin kuma ina son ki tsaya gaban aji ki koya musu sifilin nan, da na ƙuda."

A motar haya, a matse tsakanin wata mai kwando da taga, wani tunani ya zo mata, kuma ba za a ce mugun tunani ba ne. Gobe Alhamis. Auta ta yarda za ta je asibiti ne saboda tauraron nan kaɗai. In ta ji babu shi, za ta koma gidan jiya, wataƙila ma ta ƙara da cewa ai ga irinta nan, masu neman ciwo da kuɗinsu. Me zai hana ta yi shiru har a fito daga wajen likita? Kwana ɗaya ne. Ƙarya ce ƙarama da za ta iya ceton rai.

Ta yi ta juya shi har motar ta wuce tasharsu. Abin da ya tsaya mata shi ne fuskar Auta tana goge allon da babu komai a kansa. Yarinyar nan ta kwana biyu da abin da Yaya ta ɗora mata, kuma Yaya ta san irin kwanan. A wajen aiki ba ta taɓa barin sakamakon da ta san ba daidai ba ne ya kwana a fayil ɗin wani ba, ko da na wanda ba ta sani ba ne, balle 'yar uwarta ciki ɗaya. Ta ƙwanƙwasa jikin motar ta sauka, ta tsallaka titi ta hau mai zuwa unguwar su Auta.

Ta same ta a tsakar gida tana yi wa littattafan yara maki da jan biro. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Auta, abin da na gaya miki ran Litinin ba haka ba ne. Kuskure na yi. Ni na ƙirga daga ɗaya, kwamfutar kuma daga sifili take farawa, sai komai ya goce da harafi ɗaya."

Auta ta ajiye biron. "Daga sifili? Wane mahaukaci ne ke fara ƙirga daga sifili? Ni da nake fama da yara kullum ɗaya, biyu, uku?"

"Haka aka gina ta."

"Harafi ɗaya, Yaya. Kwana biyu ban runtsa ba, abinci ba ya wuce mini nan, saboda harafi ɗaya." Ta ɗago ta dubi Yaya. "Ke nan ba mu da shi?"

Ga ƙofa a buɗe, ta ce eh kowa ya huta, ko ta ce akwai don a je asibiti. Yaya ta zauna a bakin tabarmar.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ba zan ƙara ce miki na san abin da ban sani ba. Na zalunce ki, ki yafe mini. Amma ni gobe zan je, ko da ke ko babu ke. In kin fasa ba zan yi miki faɗa ba."

Auta ta ɗauki biron ta buɗe wani littafi, ta yi ta kallon shafin ba ta rubuta komai ba. Yaya ta jira har ta gaji, ta yi mata sallama ta tafi, zuciyarta cike da baƙin cikin cewa ta rushe da hannunta abin da ta yi shekaru tana nema.

Da safe ta isa asibitin da wuri, ba ta ofishinsu ta bi ba, ta bi ta ƙofar marasa lafiya ta karɓi kati kamar kowa. Tana juyowa ta hango Auta a kan dogon bencin da ke ƙofar likitar mata, da jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

Yaya ta zauna kusa da ita. "Kin zo."

"Ba don harafinki na zo ba. So nake in ji daga bakin wanda ya iya ƙirga."

Yaya ta yi 'yar dariya, Auta ba ta yi ba. Tana kallon ƙofar ta kamo hannun Yaya, hannun nan da ya saba laluben jijiya, ta kai shi ƙarƙashin mayafinta ta gefen hagu ta danna.

"Tun kafin hutun makaranta nake jin sa," ta ce a hankali. "Ban gaya wa kowa ba, ko maigidan. Da kika zo ran Litinin na ɗauka kin gane ne."

Yaya ta ji shi a ƙarƙashin yatsunta, ƙullutu a maman Auta, ɗan ƙarami, mai tauri. Ta bar hannunta a wurin. Nas ta leƙo ta kira lamba, ta Yaya ce. Yaya ta karɓi katin Auta ta ba ta nata.

"Tashi," ta ce. "Ke za ki fara shiga, ina bayanki."